Takin Baffa

Ni ban taɓa neman aikin soja ba. Ina tsugune a gonarmu ina cire ciyawa a gindin gyaɗa aka aiko dagaci na kirana. Na je da ƙasa a gwiwoyina, na tarar da Baffa, ƙanen mahaifina, zaune a gefen dagacin yana jan carbi. Wai Turawa na neman samari su kai yaƙi, kowane gari ya kawo nasa. Aka duba garin nan kaf, gidajen da maza suka cika har ana rasa wurin shimfiɗa, ba a ga wanda ya dace ba sai ni, maraya, wanda shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa. Baffa ne ya ce ina da ƙashi, kuma ban yi aure ba balle a ce zan bar 'yar mutane. A gabana ya faɗi haka, ko kunyar idona bai ji ba.

Gonar ita ce duk abin da mahaifina ya bar mana, ni da Inna da ƙanwata. Ba wata babba ba ce. A wajenmu, can gefen Ɗanbatta, babu dajin da mutum zai sara ya ce ya yi sabuwar gona. Gona na manne da gona, layin gamba kaɗai ke raba taka da ta maƙwabcinka, kuma in ka rasa ta gado ka rasa ke nan. Tamu jigawa ce mai laushi, da gawo a tsakiyarta, ta gabas kuma tana iyaka da ta Baffa. Tun ina ƙarami na san irin kallon da yake mata in ya dogara da fartanya yana hutawa.

Ranar da za a tafi da ni Baffa ya shigo har ƙofar ɗakin Inna, ya sassauta murya.

"Ki kwantar da hankalinki," in ji shi. "Aro zan riƙe ta. In noma, in riƙa auna muku abin da za ku ci, har Allah ya dawo da shi."

Inna ta ce Allah ya saka da alheri. Ni ma, wawan, na durƙusa na yi masa godiya.

Aka zuba mu a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can aka tura mu cikin jirgin ruwa. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na kududdufin bayan gari ba, sai ga shi a kan teku yana amai kamar zai fitar da hanjinsa. A bariki na koyi harbi da fareti, a can kuma na koyi bokon da nake wannan rubutu da shi. Da muka sauka a gabashin Afirka aka ce mana Turawan Italiya za mu yaƙa. Ni har lokacin ban san Turawa iri-iri ne ba, na zaci duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ashe su ma suna da 'yan uba. Waɗannan na Italiya sun daɗe da ƙwace ƙasar Somaliya, amma lokacin da muka same su ƙarfinsu ya ƙare. Gudu suke muna bi a mota, su bar mana tantuna da gwangwanayen abinci da takalman da ba a taɓa sawa ba. An mutu, kada wani ya ce ba a mutu ba, na binne abokai a ƙasar da ko ciyawar kirki ba ta fitarwa. Amma abin da na fi tunawa shi ne ƙishirwa da zafin ƙarfen mota.

Da muka shiga Mogadishu aka sauke tutarsu aka ɗaga ta Ingila. Hafsanmu ya tara mu a fili, tafinta na juya mana, ya ce yau mun ƙara wa Sarkin Ingila ƙasa, har da teku da tashar jiragen ruwa. Muka yi ta tafi. Ni har hulata na jefa sama, sai ka ce an ce za a yanka min wani yanki a ciki.

Kafin a wuce da mu gaba, an sa mu gadin wata gonar ayaba a bakin kogi, ta wani Baturen Italiya da aka kama. Ban taɓa ganin gona irinta ba, ruwa na bin lambatu yana zaga ta ko'ina. Wata rana wani dattijo ɗan ƙasar ya zo da sandarsa da 'yar butarsa, musulmi ne, muka yi sallama. Ya nemi ganin hafsa. Ya ce ƙasar nan ta ubansa ce, Baturen Italiya ya kore su ya dasa ayaba, to tunda an kori Baturen, a ba shi abinsa. Hafsa ya saurare shi tsaf, da ladabi ma. Sannan ya ce ai an kashe wa gonar aiki, an haƙa lambatu, an yi dashe, ba a mayar da irin wannan haka kawai, ya jira a gama yaƙi. Dattijon ya tsaya yana kallon ayabar, can ya ɗauki butarsa ya juya. Ni dai a ranar yunwa nake ji, na matsu a canje ni in je in ci abinci.

Daga nan duwatsun Habasha, daga nan aka sake zuba mu a jirgi zuwa yaƙin ƙasar Boma, inda ruwan sama ba ya gajiya. Wannan labari ne na daban, kuma ba na son ba da shi. Na dai dawo da ƙafafuna biyu, da kakin da ke jikina, da takalmi, da wani ɗan shebur na haƙa rami da na ɓoye a jaka.

Da bazara na iso garinmu. Na tarar da rumbunmu ya rushe, kaji na tono a inda yake. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ta rame har na so in wuce ta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma sakar min fuska ko da can. Ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai.

"Ka dawo?"

"Na dawo, Inna. Ina yarinyar nan?"

"Allah ya karɓi abarsa."

A hankali na ji sauran, wani daga bakinta, wani daga bakin maƙwabta. Bayan tafiyata an yi shekarun da ba a so a tuna. Ruwa ya yi gardama, ɗan abin da aka samu kuma aka bi gida-gida ana karɓa da sunan yaƙi. Gishiri ya ɓace, ƙyalle ya ɓace, har aka rasa na likkafani. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna tsintar hatsin da ta tara. Shekarar farko Baffa ya auna musu. Ta biyu ya rage. Ta uku Inna ta je da ƙwarya har gidansa, ya ce shi ma iyali gare shi, ya sa aka zuba mata dusa. Dusar dawar gonar mijinta. Ƙanwata ta yi ta cin tafasa da ganyen da ba a ci, cikinta ya kumbura, ƙafafunta suka kumbura, ta tafi tana budurwa. Rumbunan Baffa kuwa a shekarar ba su taɓa zama wayam ba, kowa ya sani.

Ban yi kuka ba. Wani abu ne ya zauna min a ƙirji, ya yi nauyi, kuma bai tashi ba har yau.

Washegari na je gona. Na tarar an tuge layin gambar da ke tsakaninmu da Baffa, gona biyu sun zama ɗaya. A tamu kuma ga taki nan an zuba tsibi-tsibi, jere, ana jiran ruwa ya kusa a baza. Na wuce gidan dagaci, aka kira Baffa. Ya zo da fara'arsa.

"A'a, Soja! Mazan fama! Ashe kana duniya? Mu nan har mun fara cire rai."

Na ce ina duniya, kuma gonata nake so.

"Ai taka ce, ɗana, wa ya ce ba taka ba ce? Sai dai ka ga na riga na zuba taki."

Ga yadda abin yake a ƙasarmu. Ƙasar ta tsufa, ana nomanta tun kaka da kakanni ba hutu, in ba taki ba ta ba ka komai. Duk rani mutum na tara kashin awaki da tokar murhu da sharar gida, ya sayi na juji a gari, ya yi ta jigila da jaki da mangala. Wahala ce ta gaske. Shi ya sa al'ada ta ce wanda ya zuba wa gonar aro taki ba a karɓe ta a hannunsa sai ya noma ta damina biyu, ƙarfin takin ya ƙare a wurinsa. Al'ada ce mai kyau. An yi ta ne don kada mai gona ya bari talaka ya gyara masa ƙasa sannan ya kore shi. Ban taɓa jin wanda ya ce ba daidai ba ce, ni ma ban ce ba.

Dagaci ya shafa gemu ya ce, "To ka ji. Damina biyu. Ka yi haƙuri, yaro, ba a kanka aka fara ba."

Na ce na ji. Mutumin da ya yi shekaru ana ce masa tsaya ya tsaya, tafi ya tafi, damina biyu ba ta gagare shi ba.

Na koma ƙwadago a gonakin mutane. Ni da na ƙara wa Sarkin Ingila ƙasa har da teku, ga ni ina huɗa a gonar wani don a auna min gero da yamma. Yara na bina suna lef-rai, lef-rai. Hanyar rijiya ta gefen gonarmu ta bi, kullum sai na ga dawar Baffa a cikinta ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ta fi ni tsayi. In mun haɗu ya ce, "Soja, ya haƙuri?" Ni kuma in ce, "Da godiya, Baffa." Allah ne kaɗai ya san abin da nake haɗiyewa tare da wannan godiya.

Inna ba ta yawan magana a kan gonar. Sau ɗaya dai, tana tuƙa tuwon geron da na samo, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Dawar gindin gawon nan ta fi wannan danƙo." Shi ke nan abin da ta ce. Na ce saura kaɗan, Inna. Damina ta biyu ta zo ta wuce, Baffa ya girbe, ya kwashe har karan. Da sanyi ya shigo tari ya kama Inna, jikin da ma yunwa ta riga ta cinye shi. Ba ta kai bazara ba. Baffa ne ya tsaya a gaba wajen karɓar gaisuwa, mutane na ce masa ya haƙuri, yana amsawa.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba, na ɗauki fartanya da safe na nufi gona in fara sharar shuka, tunda wa'adi ya cika. Tun daga nesa na hango su. Tsibi-tsibi, sababbi, baƙaƙe, jere daga wannan iyaka zuwa waccan, har da sawun jakuna a tsakani.

Na wuce gidan dagaci kai tsaye. Baffa ya zo ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Wallahi mantuwa ce," in ji shi. "Yara ne suka kai, ban sani ba. Amma tunda an zuba, ai an zuba. Ko kuwa, ranka ya daɗe?"

"Taki taki ne," in ji dagaci. "Al'ada ba ta ce na farko ko na biyu ba. Damina biyu."

A nan dattijon bakin kogin nan ya faɗo min a rai, da sandarsa da butarsa. Na ga yadda ake yi. Ba wanda zai ce maka ba taka ba ce. Za a ce taka ce, a yi maka magana mai daɗi, a ce ka jira. Bayan damina biyu yara za su sake mantuwa, ni kuma in tsufa a ƙofar dagaci ina jira. Na tashi na yi sallama da ladabi, har Baffa ya yi mamaki.

Akwai abokaina biyu da muka dawo tare, ɗaya daga wani ƙauye kusa da mu, ɗaya daga wajen Tsanyawa, yana fataucin hatsi da jakuna. Na same su ranar kasuwa na gaya musu. Mai jakunan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yaushe. Na ce akwai ɗaurin auren 'yar Baffa nan gaba kaɗan, a ƙofar gidansa, bayan azahar, kuma dangin ango baƙi ne daga nesa. Ran nan nake so. Yarinyar ba ta yi min komai ba, na sani. Ƙanwata ma ba ta yi wa kowa komai ba.

Ranar muka sa kaki da takalmi, muka shiga gonar da hantsi, gari duk ya tafi hidimar biki. Takin yana nan yadda aka zube shi, ba a baza ba, bai shiga ƙasa ba. Muka yi ta kwasa muna cika mangaloli. Ni na bi kowane tsibi da ɗan sheburin nan nawa ina kankarewa, har sai na ga jar ƙasa a ƙarƙashi. Abokina ya ce, "Kai, ƙasar gonarka kake kwashewa fa." Na ce a tafi da ita, gara in yi asarar ƙasa da a sami ƙwayar kashin akuyarsa guda a ciki.

Da aka idar da azahar muka kora jakunan cikin gari. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baffa, malamai sun zauna, dagaci na kan buzunsa, baƙi sun sha manyan riguna, ga goro a faifai. Na ja jakin farko har bakin zaure, na yi sallama da ƙarfi, na kama gindin mangala na juye. Ƙura da wari suka tashi. Kafin a gane abin da ke faruwa na biyu ya juye, na uku ya juye. Baƙi suka miƙe suna kakkaɓe riguna suna toshe hanci. Samarin gidan suka taso, suka ga mutum uku cikin kaki ba mai murmushi, suka tsaya a inda suke. Muka juya muka sake ɗebo wani. Sai da tulin ya toshe ƙofar zauren, matan da ke ciki suka koma leƙe ta kan danga.

Baffa ya taso min. "Kai! Kai! Ni za ka yi wa wannan? Ni ƙanen ubanka? A gaban surukaina?"

"Kayanka na kawo maka, Baffa," na ce. "Ka ce mantuwa aka yi aka kai gonata. To ga shi na dawo maka da shi, ban taɓa ko kaɗan ba, har da ƙari."

Na juya wajen dagaci na durƙusa, yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, a tashi mutum a je a duba. In an sami takin Baffa a gonar nan ko cikin tafin hannu ne, na bar masa ita har abada. In ba a samu ba, a gaya min a gaban malaman nan da baƙin nan wace al'ada ce ta rage."

Dagaci ya dubi Baffa, ya dubi baƙi, ya dubi tulin. Wani tsoho cikin dangin ango ya tambayi na kusa da shi me ake ciki, aka shiga ba shi labari, kuma da yake kurma-kurma ne sai da aka ɗaga murya, har da zancen dusa. Kowa ya ji. Dagaci ya yi gyaran murya ya ce, ƙasa-ƙasa, "Tunda babu taki, babu magana. Gona ta mai ita ce."

An ɗaura auren dai, a ƙofar gidan maƙwabci, a gurguje. Daɗin da na ji ran nan ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka sallame mu daga soja. Na so a ce Inna na leƙe ta kan danga ita ma.

Garin bai yafe min ba. Aka ce soja ya haukata ni, aka ce na tozarta uba. Na kira gayya ba wanda ya zo. Na nemi aure a gida biyu aka ce an yi wa yarinya miji, sai daga wajen Gezawa na samo mata. A shekarar farko gonar ta ba ni abin kunya, duk inda na kankare dawar ta fito siririya, rawaya, zangarniya kamar yatsa. Ban damu ba. Na sake dasa gambar iyaka da hannuna, na sa ta yi kauri. Na sayi awaki na ɗaure, na tara nawa takin, a hankali ƙasar ta dawo. Ni da Baffa muka yi shekaru muna noma gefe da gefe, gamba a tsakaninmu, ba sannu ba ina kwana.

Wata damina, lokacin maimai, ina cikin dawa da hantsi sai ga babban ɗansa, magidanci da shi, ya tsallako gamba yana haki.

"Yaya, Baffa na kiranka. Jikin ya yi tsanani tun jiya. Ya ce don Allah don Annabi ka zo ka yafe masa."

Na ce, "Bari in kai ƙarshen kunyar nan."

Ya tsaya yana jira. Na bi kunyar a hankali, ina cire kowace ciyawa, ina tara ƙasa a gindin kowace dawa. Na kai ƙarshe, na miƙe na goge zufa, na juyo na kama ta kusa da ita. Ya kira ni sau ɗaya, "Yaya." Ban ɗago ba. Da na sake dubawa ya tafi. Rana ba ta kai tsaka ba na jiyo kukan mata daga cikin gari.

Na wanke ƙafa na je jana'iza, don ƙanen ubana ne, kuma musulmi ne. Na tsaya a sahu. Kafin a tayar da salla liman ya juyo ya ce duk wanda mamacin nan ya yi wa wani laifi, ya dubi Allah ya yafe masa. Sahu duka ya amsa, mun yafe, Allah ya yafe mana. 'Ya'yansa suka waiwayo suna kallon bakina. Na bar shi a rufe.